Mutum-mutumin roba ko manhajar waya? Amsa ga ɗalibar jinya

Ƙanwata, tsakanin mutum-mutumin roba mai cirarrun kayan ciki da manhajar waya da kika tambaya wanne ya fi don koyon sassan jikin mutum, ki sayi mutum-mutumin kawai.

Nawa na hannu ne ma, wata da ta gama karatu ta sayar min a nan Jos. Huhunsa ɗaya ya tsage an liƙe da gam, amma har gobe yana kan dirowata. Yadda nake yi da shi: in tsaya a bayansa, damata ta yi daidai da tasa, in zura hannu in zaro hanta, in taɓa ƙasan haƙarƙarina na dama, in zaro saifa in taɓa na hagu. Sai in zagayo gabansa in sake. Nan wuyar take, don wanda ke fuskantarki damarsa tana hagunki, haka kuma ake kafa hoton ƙirji na X-ray, zuciya ta fito ta hannun damanki.

Ba rashin ƙwaƙwalwa ke sa ɗalibi ya yi turus wajen bambance dama da hagu a bakin gadon majinyaci ba. Tun 1971 masu binciken halayyar ɗan Adam Roger Shepard da Jacqueline Metzler suka nuna a Amurka cewa idan mutum zai juya siffa a zuci, gwargwadon nisan juyin gwargwadon lokacin da zai ɗauka. A 1987 kuma wani mai binciken, Lawrence Parsons, ya gano cewa in hoton hannu ko jikin mutum ne, jikinka kake juyawa a zuci ya dace da hoton, shi ya sa hannun da aka murɗe ta inda naka ba zai kai ba ya fi ɗaukar lokaci kafin ka ce dama ne ko hagu. To abin da jiki ke lissafawa, ai gara a koya shi da ƙafa da hannu.

Manhaja kuwa, na biya kuɗin wata na bari. Tana da kyau wajen bin jijiyoyi, ban hana ta wannan ba. Amma da yatsa ake wulwula hoton kina zaune, kafin ki ankara kin rasa gaba da baya.

Ki yi hattara da masu tallar mutum-mutumin a WhatsApp da Facebook. Kada ki tura ko sisi sai kaya ya zo hannunki. Ki zazzage kayan cikin duka, don wasu a manne suke, fenti kawai aka yi. Ki ƙirga: huhun dama kashi uku ne, na hagu biyu, ƙodar dama kuma ta ɗan fi ta hagu sauka saboda hanta. Kada ma ki yanke hukunci da hoto, kyamarar gaba takan juya shi kamar madubi. In kuɗin ya yi miki yawa, ku haɗa ku uku a ɗakinku ku saya.