Shekara biyu ina ɗura harsashi da albarushin H4350: abin da zafi da sanyi suka nuna mini

A watan Yuli ne sakatar bindigata ta ƙi buɗuwa a filin gwajin harbi. Sai da na sa tafin hannu na buga mariƙinta kafin kwanson ya fito, kuma da na juya gindinsa na ga tabo mai sheƙi, ƙwayar da ke kunna albarushin ta baje kamar an daka ta. Gabana ya faɗi, domin duk mai ɗura harsashi da hannunsa ya san wannan alamar matsi ne da ya wuce kima.

Laifina ne. Na haɗa waɗannan harsasai tun watan Maris, lokacin da ƙanƙara ba ta gama narkewa ba a nan jihar Wisconsin ta Amurka, na yi ta ƙara awon albarushi har na kusa ƙurewar abin da littafin ɗura harsashi ya yarda da shi. A sanyi komai lafiya lau. Da rani ya zo, akwatin harsasan ya wuni a mota cikin rana, sai awon nan dai ya zama wani abu dabam. Albarushi mai ɗumi ya fi saurin kamawa da ci, matsi ya hau, gudun harsashi ya ƙaru. Albarushin da nake amfani da shi a lokacin irin mai ƙananan ƙwayoyi ne kamar gero, wanda ake haɗa wa nitrogilisarin, kuma tsofaffin irinsa sun yi suna wajen bin yanayi.

Daga nan na koma H4350 na kamfanin Hodgdon, ɗaya daga cikin jerin da suke kira Extreme, tare da Varget da H4831SC. A Ostareliya ake yin sa, a masana'antar Mulwala, can kuma sunansa AR2209. Ƙwayoyinsa ƴan sanduna ne gajeru, an yi musu rufi na musamman don kada saurin cinsu ya riƙa hawa da sauka da yanayi. Bindigata 6.5 Creedmoor ce, harsashin da kamfanin Hornady ya fito da shi a 2007, kuma da wuya ka tambayi masu ita albarushin da za ka fara da shi ba su ambaci wannan ba.

Ban yarda da rubutun jikin gwangwani kawai ba. Na ɗura harsasai talatin awo ɗaya: goma suka kwana a firiza na kai su fili cikin kula mai ƙanƙara, goma a aljihuna, goma na shanya su kan baƙin ƙyalle har suka yi ɗumi sosai a hannu. Ina ɗauko ɗaya in harba nan take, don idan ya daɗe a cikin bindiga mai zafi ya riga ya ɗauki zafinta, gwajin ya lalace. Na'urar auna gudu tana gefe. Masu sanyin sun ɗan ja baya, ba zan ɓoye ba, amma tazarar ba ta wuce wadda nake gani tsakanin harsashi da ɗan'uwansa a rukuni guda ba. Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne masu ɗumin: sakata na buɗuwa da yatsa biyu, gindin kwanso tas.

Akwai maganar da ake yawan yi wadda ban yarda da ita ba, wai sanyi zai sa ka kuskure barewa saboda albarushi. A dazukanmu, lokacin farautar kwana tara da ake buɗewa ranar Asabar kafin bikin Thanksgiving na watan Nuwamba, yawancin harbi bai kai yadi 100 ba. A wannan nisa ko gudu ya ragu da ƙafa hamsin a daƙiƙa ba za ka gani a jikin allo ba. Sai an doshi yadi 500 ko 600, irin harbin filayen jihar Wyoming, abin yake zama inci da yawa. Ko a can ma iska mai sanyi ta fi kauri, tana rage wa harsashi gudu a hanya, kuma babu albarushin da zai gyara wannan. Ni dai don tsoron zafi na saye shi.

Yana da wahalarsa. Kamar duk mai siffar sanda, ba ya zuba sumul daga ma'aunin juyawa, wani lokaci ka ji ƙwaya ta karye ƙaras. Dole in ɗora kowane awo a sikeli in cika shi ƙwaya-ƙwaya, hamsin sukan cinye mini yamma guda. A 2020 da 2021 kuwa, da kayan ɗuri suka yi ƙaranci a duk Amurka, mutane sun sha yawon kantuna nemansa.

Yanzu duk sabon gwangwani na buɗe, sai in koma ƙasan awon littafi in hau a hankali, kuma a watan Yuli nake wannan aiki, da tsakar rana. Abin da ya wuce lafiya a ranar shi nake rubuta wa kwanan wata da ma'aunin zafi a murfi, in ajiye wa Nuwamba.