Sharhi kan gashin ƙashi a Katsina: ciwo a hannu, tushensa a wuya

Duk wanda ke fama da ciwon kafaɗa mai saukowa cikin hannu, musamman idan ya waiwaya ko ya ɗaga kai sama, ina ganin zuwansa sashen gashin ƙashi ya cancanci kuɗin da wahalar layin, kuma babban dalilina shi ne binciken da ake yi kafin a fara gashin. Ni tela ne a cikin birnin Katsina, kuma tun bayan ɗinkin ƙaramar Sallah kafaɗata ta dama take zugi, ciwon yana bin bayan damtse har yatsan tsakiya, wani lokaci yatsan ya mutu in kasa jin zare a hannuna. An shafa man zafi, wanzami ya yi ƙaho a kafaɗar, amma sauƙin bai daɗe ba, sai likita ya tura ni wajen masu gashin ƙashi a wani asibiti na cikin gari.

Matashin da ya duba ni bai yi gaggawar kunna na'ura ba. Ya kama hannuna ya ɗaga da kansa, ya juya gaɓar kafaɗar ta kowace fuska, ban ji komai ba. Daga nan ya karkata kaina baya zuwa dama, ya danna tsakiyar kan a hankali, nan take ciwon ya harba har yatsa. Sai ya ce, "Baba, ku ɗora tafin hannunku a ka," ina ɗorawa kuwa zugin ya lafa. Da wannan ya nuna mini cewa kafaɗar lafiyarta ƙalau, matsalar tana wuya.

Bayanin da ya yi mini ya gamsar da ni ƙwarai. Ƙasusuwan wuya guda 7 ne a jere, akwai faifan guringuntsi tsakanin mafi yawansu, kuma jijiyoyin laka 8 ne ke fitowa ta kowane gefe, na ƙasa-ƙasan su ne ke kai ji da ƙarfi zuwa kafaɗa da hannu da yatsu. Idan faifan ya bulluƙo, ko shekaru suka sa ƙashi ya yi tsiro ƙofar da jijiya ke bi ta tsuke, to motsin da ke ƙara matse ƙofar shi ke tayar da ciwon. Kamar wayar lantarki ce da aka danne a zaure, amma ƙwan da ke cikin ɗaki ne ke ƙyaftawa. Yatsan da ya mutu ma yana nuna wurin: jijiya ta 6 tana zuwa babban yatsa, ta 7 tana zuwa na tsakiya, ta 8 kuma ƙaramin yatsa. Ciwon da ke cikin gaɓar kafaɗa kansa yakan tashi ne idan an ɗaga hannu ko an kwanta a kansa, kuma da wuya ya wuce gwiwar hannu.

Game da gashin, na'urar ɗumama wuya tana da daɗi amma amfaninta na ɗan lokaci ne. Abin da ya yi mini aiki shi ne jan wuya a hankali da yake yi da hannunsa, da atisayen da ya koya mini na mayar da haɓa baya ba tare da sunkuyar da kai ba, da shawarar in gyara tsayin kujerata a gaban keken ɗinki, in riƙa miƙewa kafin wuya ya ƙage, in kuma rage tudun matashin kai. Ya gaya mini cewa mafi yawan masu wannan larura suna samun sauƙi cikin mako 6 zuwa 12 ba tare da tiyata ba, shi ya sa bai matsa mini in yi hoton MRI mai tsada tun da farko ba, kuma wannan gaskiyar tasa ta ƙara masa daraja a wurina. Ya kuma gargaɗe ni kan dawwama a shan maganin ciwo na Diclofenac, domin yana illa ga ciki da ƙoda.

Inda ban ji daɗi ba shi ne cunkoso. Ma'aikatan ba su da yawa, mai sana'a yakan rasa safiyarsa gaba ɗaya, kuma ba a ba da takardar atisaye mai zane, alhali dattawa da dama suna mantawa kafin su isa gida. Alhamdu lillahi, yanzu ina ɗinki, sai dai yatsan yakan ɗan mutu idan na daɗe a sunkuye.

Matashin da ya duba ni ya jaddada mini cewa akwai alamun da ba a jira da su a layin gashi. Idan hannu ya fara sakin kaya, ko saka maɓalli ya gagara, ko tafiya ta zama da tangaɗi, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, mai yiwuwa lakar ce kanta aka danne, sai a ga likita ba tare da jinkiri ba. Haka nan ciwon hannun hagu mai zuwa da nauyin ƙirji da gumi da sarƙewar numfashi yana iya zama na zuciya, kuma sashen gaggawa ake kai mai shi nan take.