Yaya, ga abin da na gani a Faransa kan hawan jinin huhu

Yaya, ina gaisuwa, a gaida Inna da mutanen gida a Garwa. Ka tambaye ni ko akwai sabon magani a nan na ciwon da likita ke zargi a jikin ƙanwarmu, wato hawan jinin huhu. Akwai. Sunansa sotatercept, ana sayar da shi da sunan Winrevair, Amurka da Tarayyar Turai sun amince da shi a 2024. Allura ce a ƙarƙashin fata duk bayan mako 3. Tsofaffin magunguna irin su bosentan da sildenafil aikinsu buɗe jijiyoyin huhu, shi kuwa yana rage kaurin da bangon jijiyar ke yi. A gwajin da aka yi wa maganin, mai suna STELLAR, waɗanda aka yi wa allurar sun fi waɗanda ba a yi musu ba da kusan mita 40 a tafiyar minti 6, ga mai haki a bakin ƙofa wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kuɗinsa ne ke tayar da hankali: a Amurka, lokacin da ya fito a 2024, kwalba ɗaya dala 14,000 ce. A nan inshorar lafiya ta gwamnati ke biya, amma ba a rubuta wa kowa sai an yi hoton zuciya, an zura siririn bututu ta jijiya har cikin zuciya an auna matsin. Ana kuma duba jini kafin allurai na farko. Babbar cibiyar kula da wannan ciwo a Faransa tana asibitin Bicêtre, kusa da Paris.

Abin da ya fi damuna shi ne asalin ciwon a wajenmu. Tsargiyar hanji, wadda ake ɗauka a ruwa irin na Lagdo da Binuwai, tana cikin manyan sanadinsa a duniya, ga sikila, ga ƙanjamau. Turawan nan da wuya su ga tsargiya, mu kuwa yaranmu a ruwan suke wuni, alhali praziquantel, maganin tsargiya, ana raba shi kyauta a makarantu. Don Allah kada a hana yara sha.

Ƙanwarmu kuma a kai ta a yi mata hoton zuciya, ko da sai an je Yawunde. Kada a saya mata sildenafil a hannun masu tallar magani a kasuwa, haɗa shi da wasu magungunan zuciya na iya kashewa. A yi magana da mijinta a tsanake, domin juna biyu da wannan ciwo haɗari ne babba. Kuɗin mota da na gwaji zan turo ƙarshen wata, in sha Allah.