Wasiƙa daga Jamus: batun injin yankan itacen da Yaya ya ce in sayo

Assalamu alaikum Yaya. Da fatan kana lafiya, da Inna da iyali da yara gaba ɗaya. Mu ma nan lafiya lau, sai sanyi da ya fara shigowa.

Saƙonka ya iso, cewa in sayo maka injin yankan itace irin babban nan da masu tsaga katako ke shiga daji da shi, Stihl 070. Ban saya ba tukuna, kuma ina so ka ji dalili kafin ka ce ƙaninka ya yi maka rowa.

Jihar da nake zaune, Baden-Württemberg, nan ne gidan kamfanin Stihl ɗin. Andreas Stihl ya kafa shi a 1926, hedikwatarsa na garin Waiblingen kusa da Stuttgart. Amma duk yawona a shagunan dillalansu ban ga 070 a kan kanta ba. Injin nan ya haura kilo 10 tun ba a zuba masa mai ba, kuma an yi shi ne don kayar da manyan itatuwa da tsaga su. Kai kuwa itacen girki za ka yanka, busasshen marke da kirya da rassan darbejiya. Mutumin da zai wuni a sunkuye yana gutsura itace, nauyin inji ne ke fara karya masa baya, kuma idan hannu ya gaji a nan tsautsayi ke shigowa. Mutanen ƙauyukan nan da ke ɗumama gidajensu da itace duk hunturu, yawancinsu matsakaici suke riƙewa, mai ƙarfin cc 45 zuwa 50, nauyin wajen kilo 5, ƙarfen da sarƙa ke gudu a kansa kuma santimita 35 ko 40. Da shi suke tara itacen shekara guda.

Farashi hawa-hawa ne. Manyan kantuna na sayar da marasa suna a ƙasa da Yuro 100, ƙananan na Stihl ko Husqvarna ta Sweden suna farawa daga wajen Yuro 200, na ƙwararru kuma sukan kai Yuro 1,000. Akwai masu batir, ba ƙara ba hayaƙi, sun dace da mai ɗan lambu a bayan gida. Da wutar garinmu, wannan ba naka ba ne.

Abin da ya fi burge ni ba injin ba ne, yadda ake sayar da shi ne. Dillali ba ya miƙo maka kwali ya karɓi kuɗi. Sai ya tambaye ka kaurin itacen da za ka yanka da yawan aikinka, ya haɗa injin a gabanka, ya tayar da shi, ya nuna maka birkin sarƙa. Birkin nan shi ne ke tsayar da sarƙa nan take idan bakin injin ya taɓa wani abu ya yi tsalle ya nufo fuskar mai riƙe da shi. Bayan shagon akwai makaniki, akwai kayan gyara, kuma ko sarƙa ce ta dakushe za ka kai a wasa maka. To Yaya, idan na aiko maka samfurin da babu mai sayar da fulogi ko kafireto ko sarƙarsa a kasuwar da ke kusa da kai, ranar da ya tsaya sai dai ya zama kayan ajiya a zaure. Ga kuma jabu da suka cika kasuwanninmu, fenti ruwan lemo da toka kamar na asali, cikin kuwa ba ya shekara.

Sannan a nan ba ka ɗaukar inji ka faɗa daji. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙasar Jamus daji ne, amma mai son yankar itacen wuta a dajin hukuma sai ya nuna takardar shaidar ya yi kwas na sarrafa injin. Malamin daji ne zai nuna masa inda zai yanka, da abin da aka sa wa alama, ya biya gwargwadon abin da ya ɗiba. Dole ya sa hular kwano mai kariyar fuska da kunne, da takalmi mai ƙarfe a baki, da wani wando mai zaruruwa a ciki waɗanda ke cusa kansu cikin injin su tsayar da sarƙa idan ta taɓa ƙafa. Ranar Lahadi ba a tayar da shi a cikin unguwa. Ɗanyen itace ma ba a yarda a ƙona a murhun gida ba, shi ya sa za ka ga an jera faskare a gefen gidaje yana shan iska shekara ɗaya zuwa biyu.

Wannan na malamin daji shi ya fi tsaya mini a rai. Su ruwan sama bai yanke musu ba, kuma abin da aka sare ana mayar da gurbinsa. Mu fa? Kai da kanka ka sha faɗa mini yadda ɗorawa da kaɗanyar da muka taso muka gani a gonar Baba suka ƙare a buhunan gawayi. Itacen da gatari zai wuni a kansa, injin nan kafin ka sha ruwa ya kwantar da shi. Ina roƙonka ka fara zuwa ofishin gandun daji na ƙaramar hukuma ka karɓi izini, kuma ka tsaya a kan busasshe da sassabe. Mai 'ya'ya da mai inuwa a bar su.

Kulawarsa ba wuya, amma ba ya yafe ganganci. Kamar ƙaramin janareton nan yake da ake gauraya wa fetur da mai: mililita 100 na man 2T a lita 5 ta fetur. Ban da baƙin man mota, kuma kada ka gauraya abin da zai wuce wata guda a jarka. Sarƙa tana da nata tankin mai daban, kada yara su zuba mata tsohon man da aka juye daga mota, yana kashe famfon. Ƙurar hunturu za ta riƙa toshe matatar iska, sai an kakkaɓe ta kullum bayan aiki. Busasshen itacenmu kuma gara ta cika shi da ƙasa, ƙasa kuwa ita ke cinye kaifi. Don haka zan nemo sarƙa mai haƙoran da kusurwarsu ke a lanƙwashe, ba ta kai mai tsini gudu ba amma ta fi ta jure datti.

Ga abin da nake so ka yi. Ka auna kaurin itacen da ka fi samu, ka turo mini. Ka je wurin mai gyaran injinan nan ka tambaye shi wane samfuri ne kayansa suka fi samuwa a hannunsa, na Stihl ko na Husqvarna. Da na ji daga gare ka zan sayi matsakaici mai birki, in haɗa da sarƙa biyu, magagarin wasa ta, hular da wandon, in sa a kayan da ake lodi daga Hamburg zuwa Legas. Wandon nan akwai zafi, na sani, amma wanda duk zai riƙe injin, kai ko yaronka, sai ya sa shi.

A gaishe mini da Inna ƙwarai, a ce mata maganin ƙafarta na cikin kayan.

Ƙaninka.