Bobiri ta Gana ko tsaunukan Meziko: ina ya fi kallon malam-buɗe-littafi?

Yaya, kin tambaya wai tsakanin dajin Bobiri na Gana da wanda aka keɓe a Meziko wanne ya fi ga mai son ganin malam-buɗe-littafi. To gaskiya ba abu ɗaya za ki gani ba sam.

Na Meziko yawa ne. Iri ɗaya ne tal, wanda ake kira monak, mai ruwan lemo da baƙin zane, suna tasowa tun daga Kanada da Amurka, tafiyar kusan kilomita 4,000, su sauka a jihar Micowakan wajen farkon Nuwamba su zauna har Maris. Miliyoyi fa. Da safe in akwai sanyi haka za ki gan su cunkus a jikin bishiyar oyamel kamar busasshen ganye har reshe ya ranƙwafa, rana na ɗan taɓa su sai su tashi gaba ɗaya, ki ji ƙarar fikafikansu kamar yayyafi. UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 2008. Amma wurin a kan tsauni yake, kusan mita 3,000 sama da teku, numfashi na yin sama-sama, shi ya sa wasu ke hawa doki, kuma in kin je a Yuli ba abin da za ki tarar.

Bobiri kuwa, kusa da ƙauyen Kubease a kan hanyar Kumasi zuwa Akara, iri-iri ne, wajen nau'i 400, sai dai ba sa zuwa su cika miki ido lokaci guda. Sai kin yi haƙuri. Ki bari hantsi ya yi, ki tsaya inda rana ta ratso ta sauka kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, nan mazansu ke taruwa suna tsotsar gishirin laka, wani shuɗi, wani fari fat, wani in ya rufe fiffike ba ki bambanta shi da ganye. Ruɓaɓɓen 'ya'yan itace ma na jawo su sosai. Ga tsuntsaye, in da rabo har biri ki hango a sama.

Ni dai zuciyata na Bobiri, don can kowane taku sabon abu ne, kuma ke da kika ce kina son ɗaukar hoto kusa-kusa can zai fi miki. Ki sa rufaffen takalmi kawai saboda cizon kwarkwasa.