Ajin dokar kare kai a Orlando: malamin ya iya, amma akwai inda muka saɓa

Tuƙin dare nake yi a Orlando, shi ya sa na biya kuɗin ajin yini guda da wani shagon sayar da bindigogi ke shiryawa kan dokar kare kai ta jihar Fulorida. Doka na je ji, ban sayi bindiga ba. Kuɗin da sauƙi. Ɗakin ne dai ƙarami, kuma ƙarar harbi daga wurin gwajinsu tana shigowa har sai malamin ya ɗaga murya.

Malamin ya san aikinsa. Ya warware mana dokar 2005, wadda ta ce ba dole ne mutum ya ja da baya ba idan yana wurin da doka ta ba shi damar tsayawa, kuma yana da ƙwaƙƙwaran dalilin tsoron za a kashe shi ko a ji masa mummunan rauni. Sai ya kunna bidiyon Clearwater na 2018. Michael Drejka ya tsaya cacar baki kan wurin ajiye mota na naƙasassu, Markeis McGlockton ya ture shi ƙasa, shi kuwa ya zaro bindiga ya harbe shi har lahira alhali mutumin ya fara ja da baya. Da farko ba a ma kama shi ba. Kyamarar wani shago da ke wurin ce ta tona, a 2019 aka ɗaure shi shekara 20. Wannan darasin kaɗai ya fanshe kuɗina.

Da muka zo kan George Zimmerman ne raina ya ɓaci. A Sanford, nan kusa da mu, wannan ɗan sintirin unguwa ya bi Trayvon Martin, yaro ɗan shekara 17 da ba ya ɗauke da makami, ma'aikacin layin 'yan sanda da ya amsa wayarsa ya ce masa ba sa buƙatar ya bi shi, daga baya suka yi kokawa ya harbe yaron har lahira. Kotu ta wanke Zimmerman a Yulin 2013, malamin kuma ya tsaya a nan kamar magana ta ƙare. Yarinyar da ke waya da Trayvon a mintunansa na ƙarshe, a jimla ɗaya ya watsar da ita: wai maƙaryaciya ce. Gaskiya ne ta ɓoye shekarunta da dalilin rashin zuwanta jana'iza. To wannan ya soke abin da kunnenta ya ji? Dare ne, ana ruwa, maƙwabta sun saɓa kan wanda ke sama a kokawar, kuma kowane ɓangare ya rantse ihun da aka naɗa na ɗansu ne. Mutum biyu ne suka san yadda aka fara, ɗaya yana kabari. Na ɗaga hannu na faɗi haka, ya ce lokaci ya ƙure.

'Yan uwa direbobi, ku je, za ku ƙaru. Ku zauna a gaba saboda ƙarar, kuma ku riƙa jefa tambaya tun da safe, don da yamma sauri yake yi.