Wace Kasuwar Baje Koli Ta Dace da Maƙerin Azurfa a Ƙetare?

Duk maƙerin farin da kayansa suka fara karɓuwa a gida, ba a daɗewa sai wani ya ba shi shawarar ya kai su baje koli a ƙasashen waje. Shawarar ba ta da laifi, sai dai kasuwannin iri-iri ne, kuma wanda ya shiga wadda ba tasa ba yana iya ƙarar da jarin shekara guda a kuɗin rumfa da na jirgi da na masauki, ya dawo da kayansa a ɗaure yadda ya tafi da su. Na yi shekaru ina fita da sarƙoƙi da awarwaro da 'yan kunne na maƙeran Agadas da Damagaram, kuma abin da nake fara dubawa yanzu shi ne wane ne mai saye, kuma yaushe yake biya.

Manyan kasuwannin 'yan sari ba su dace da mai ƙira da hannu ba. Vicenzaoro ta Italiya, wadda ake yi a Janairu da Satumba, fagen zinariya ce da manyan kamfanoni. JCK ta Las Vegas da babbar kasuwar Hong Kong kuwa, mai saye a can oda yake bayarwa ta zobe ɗari biyar masu kama ɗaya, abin da hannun maƙeri ba zai fitar ba. Bijorhca ta Paris ta ɗan fi kusa da mu, amma a can kayan inji ne ke karya farashi. Tucson ta jihar Arizona, a ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu, tana da sashen 'yan Afirka inda fataken duwatsun wuya suka daɗe suna kasa kaya, kuma ta yi wa mai tsakiya da tsofaffin duwatsu daidai, amma aikin azurfa mai kyau yakan nutse cikin tulin kaya da yawan tayi.

Wadda na fi so ita ce kasuwar sana'o'in gargajiya ta duniya da ake ci a Santa Fe, jihar New Mexico ta Amurka, kowane watan Yuli tun 2004. Ba kuɗi kaɗai ke ba mutum rumfa a can ba: sai ya nema tun watanni da yawa kafin lokaci, ya aika hotunan aikinsa da bayanin yadda yake yin sa, wani kwamiti ya tantance. Wannan tantancewar ita ce darajar kasuwar, domin ba za a ajiye ka kusa da wanda ya saro kayan masana'anta yana kiran su aikin hannu ba. Mai saye a nan yake biya ya ɗauki kayansa, masu aikin sa kai suna taimakawa da tafinta da lissafi, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na cinikin yana komawa ga mai sana'a. Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba: mutanen yankin sun san azurfa, domin maƙeran ƙabilun Navajo da Pueblo sun daɗe suna ƙera ta a wajen. Idan mai saye ya juya kuros ɗin Agadas, wato abin wuyan azurfa na Buzaye, ya ga zanen da aka sassaƙa da hannu, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayanin dalilin tsadarsa. Kwanakin kasuwar ba su da yawa, kuma dokokin bizar Amurka sun tsananta suna ta sauyawa, don haka a tuntuɓi ofishin jakadanci kafin a kashe ko sisi. Wanda bai taɓa fita ba, ya fara gwada kansa a SIAO, kasuwar baje kolin sana'o'in hannu ta Wagadugu a Burkina Faso, wadda ake yi duk shekara biyu tun 1988.

Kowace aka zaɓa, 'yan damfara suna nan suna jira, kuma a nan ne na fi ƙonewa. Da zarar sunanka ya fito cikin jerin masu baje koli, wasiƙu za su fara shigowa. Ni wadda ta kama ni takarda ce mai ɗauke da sunan kasuwar a sama, tana cewa in gyara adireshina a kundin mahalarta. Na sa hannu, ashe a ƙananan rubutun ƙasa na amince ne da biyan sama da Yuro dubu kowace shekara har shekara uku ga wani kamfanin da ba shi da alaƙa da masu shirya kasuwar. Akwai masu kira su ce su ne ke kama wa mahalarta otal, da masu sayar da jerin sunayen masu saye na ƙarya, da dillalan da ke karɓar kafin alƙalami da alkawarin takardar gayyata da biza. Kada a biya kowa sai ta asusun da ke kan takardar yarjejeniyar masu shirya kasuwar.

Damfarar da ta fi ciwo kuwa daga gida take tasowa. Abin da ake kira azurfar Jamus babu ƙwayar azurfa a cikinsa, gamin jan ƙarfe ne da nikel da tutiya, kuma idan aka goge shi yana ruɗar ido. Na taɓa karɓar awarwaro daga hannun wani dillali, an buga musu lamba 925, alamar da ke nuna azurfa ce ta gaske, sai a rumfa wata mai saye ta nuna mini cewa jabu ne, a gaban mutane. Ƙasashen Tarayyar Turai sun taƙaita nikel a kayan da ke taɓa fata, a Birtaniya kuma dokar 1973 ta hana a sayar da abin da ya haura giram 7.78 da sunan azurfa sai da hatimin ofishin gwaji, irin na Landan ko Birmingham. Hauren giwa da ƙoƙon kunkurun teku kuwa, kwastam ƙwacewa suke yi. Tun daga lokacin nake sayen azurfar da kaina in kai wa maƙeri, in auna kowane abu a sikeli, in ɗiga masa ruwan gwaji a wurin da ido ba ya gani, sannan in rubuta nauyinsa da sunan wanda ya ƙera shi a takardar da zan nuna wa kwastam.